Ƙoƙon Da Inna Ta Fasa

Ina tankaɗen garin dawa a tsakar gida Gwaggo Hajo ta yi sallama. Cikin bazarar 1954 ne, a gidanmu na Tudun Wadan Zariya. Mijina Habila ya rasu bara, kuma duk sa'ad da na zauna tunaninsa, daga wannan sallama tunanin ke farawa.

Gwaggo Hajo ƙanwar babana ce. Ita aka tura binciken asali, yadda aka saba idan yaro ya fito neman 'yarka: a jiyo ko akwai hauka a danginsu, ko sata, ko kuturta. Habila kuwa tun Kirsimeti ya fito nemana. Gyaran keke yake yi a bakin hanyar Kongo, kuma tare muke waƙa a kwayar cocinmu. Mafarin abin, bel ɗin keken ɗinkina ne ya tsinke, Baba ya kirawo shi ya gyara. Daga nan sai ya yi ta dawowa, wai ya manta bai ɗaure wani noti ba.

"Keken nan naki, Jumai, ciwonsa ba ya ƙarewa," in ji shi.

"Keken ne, ko mai gyaran ne ba ya son ya ƙare?"

Ya yi dariya har sifana ta faɗi daga hannunsa. Haka muka fara, ba wani abu mai yawa ba.

To, Gwaggo ta zauna a tabarma, ta sha ruwa, ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa. Inna ta kasa haƙuri.

"Hajo, yi magana mana! Kin bar mu muna kallon bakinki."

"Yaro dai ba shi da aibu, Yaya. Ba ya shan giya, ba ya caca, maƙwabta kowa yabonsa yake yi. Uban ya daɗe da rasuwa. Sai dai uwar—"

"Uwar me?"

"Ishatu sunanta. Shekara da shekaru tana sansanin kutare, a can ma aka yi mata baftisma. Kwanan baya likita ya sallame ta, ta dawo wurin ɗanta, can bayan kasuwa. Na gan ta da idona. Yatsun hannu duk sun tafi, sai guntaye."

Ludayin hannun Inna ya faɗa cikin tukunya. "Wayyo ni Priscilla! Kuturta?"

"Inna, na sani," na ce. "Tun ranar da ya fara yi mini magana ya gaya mini. Ta warke."

"Kin sani! Kin sani kika rufe bakinki kina yi mana waƙe-waƙe?" Ta juya wajen Baba, wanda ke zaune a ƙofar ɗaki yana shan iska. "Malam, ka ji 'yarka?"

Babana, Malam Barnabas, malamin elemantare ne, mutum mai sanyin magana. Ya cire tabarau ya ce, "Na ji. Idan likita ya ce ta warke, ta warke. Yanzu akwai ƙwayar magani, ba kamar zamanin da ba. A ce su zo gaisuwa."

"Malam!"

"A ce su zo, uwar Jumai."

Bisa al'ada baffannin yaro ke zuwa gaisuwa. Habila ba shi da kowa. Tun da ciwon ya kama uwarsa dangi suka janye jiki, wani kafinta ya riƙe shi har ya girma. Saboda haka Iya Ishatu da kanta ta zo da ƙullin goro, Habila ya ɗauko ta a bayan keke. Aka yi rashin sa'a, da safen Asabar ɗin da suka zo aka aiko wa Baba da labarin rasuwa daga Wusasa, ya tafi jana'iza.

Inna ta shimfiɗa mata tabarma a zaure, ba ta shigo da ita cikin gida ba. Ni ina laɓe ina leƙe. Iya ƙaramar mace ce mai fara'a, hannuwanta cikin mayafi. Rana ta yi zafi ƙwarai, Inna ta ɗebo ruwa a randa da sabon ƙoƙo. Da ganin haka Iya ta zaro wani gwangwani daga cikin zane, ta ajiye a ƙasa, ta ja da baya. Haka kutare ke yi. Kai ka tsiyaya musu daga sama, abinka bai taɓa nasu ba.

Inna ta ji kunya. Zan faɗi gaskiya a kanta, ita ba muguwa ba ce. Ta ce, "Haba, baƙuwa da gwangwani? Karɓi ƙoƙon ki sha."

Iya ta ɗago ta dube ta kamar ba ta ji daidai ba. Ta sa tafin hannuwanta biyu ta tallafe ƙoƙon, ta shanye tas. "Allah ya saka da alheri," ta ce. "Rabona da shan ruwa a ƙoƙon wani tun Habila yana goye."

Aka gama gaisuwa, aka yi addu'a, suka yi sallama. Inna ta ɗauka sun tafi. Ta sa kara ta jawo ƙoƙon zuwa tsakar gida, ta ɗaga taɓarya — ƙwas! Ashe Iya tana nan a ƙofar zaure tana fama da takalmi, don ga wanda ba shi da yatsu sa takalmi ma aiki ne. Habila yana durƙushe yana ɗaure mata. Tsakaninsu da Inna zana ce kawai.

Na ga Habila ya tsaya da igiyar takalmin a hannu, bai motsa ba. Iya ta dafa kansa ta ce a hankali, "Ɗaure mini mu tafi, rana tana yi."

Ranar Lahadi bai zo kwaya ba. Ran Litinin na same shi a rumfarsa yana wa taya faci.

"Habila."

"Sannu, Jumai." Bai ɗago ba.

"Inna ba ta san kuna nan ba."

"Na sani. Shi ya sa ya fi ciwo. Da a gabanmu ta yi, sai in ce fushi ne."

"Sori, Habila. Don Allah—"

"Ba ke za ki ce sori ba." Ya ajiye tayar. Idanunsa sun yi ja. "Kin san abin da Iya ta ce da muka isa gida? Wai ruwan randarku akwai sanyi. Iyakar abin da ta ce ke nan. Jumai, ina yaro ta bayan wayar shingen sansani nake ganin uwata. Yanzu da Allah ya dawo mini da ita, ba zan haɗa ta da gidan da za a riƙa bin sawunta da taɓarya ba. In muka haihu fa? Duk ta ɗauki jariri sai a kai shi wanka? Na janye."

"Ka janye? Kamar mai cinikin akuya?"

"Ba don ba na sonki ba ne."

"To don me?"

"Na gaya miki don me."

Na kama hanyar gida ina kuka kamar ƙaramar yarinya, masu tallan fura suna bi na da kallo.

Gwaggo ce ta gaya wa Baba abin da ya faru. Bai yi faɗa ba. Da yamma, bayan an ci tuwo, ya ce mu zauna.

"Uwar Jumai, kin san labarin babana, amma yarinyar nan ba ta san shi duka ba. Jumai, kakanki Ɗantsoho, lokacin da ya karɓi Almasihu, korarmu aka yi daga ƙauyenmu. Ina ƙarami, amma ban manta ba. Labari ya riga mu hanya. Muka yi ta tafiya, duk inda muka roƙi ruwa, wasu su hana, wasu su bayar. Masu bayarwar kuma, da mun juya baya sai mu ji an fasa ƙoƙon. Har yau kunnena ya san ƙarar nan. Na tambayi babana, 'Baba, me ke bakinmu?'"

Ya goge tabaraunsa da bakin riga, ya ci gaba.

"Da muka iso Zariya, wani bafatake mai goro, Malam Nagoda, ya gan mu a gindin tsamiya. Musulmi ne, mai yawan ibada. Ya san ko mu su wane ne. Ya kai mu zaurensa, ya kawo ruwa a moɗa ya ba babana, ya ba ni, sa'an nan ya shanye sauran a gabanmu. Shi bai bar addininsa ba, mu ba mu bar namu ba, muka yi damina guda a zaurensa. Kakanki bai bar mini gona ba, Jumai, bai bar mini ko akuya ba. Abin da ya bar mini magana ce ɗaya: a gidansa kada a ware wa kowa ƙoƙo. Gadonmu ke nan. Shi aka fasa ran Asabar."

Inna ta gyara zama. Can ta ce, "Malam, abin da ya kori babanka ba ya cin yatsu. Ni 'ya'ya uku na binne. Uku! Wannan ɗaya ta rage mini. Ba ƙin matar nan nake yi ba, Allah ya sani. Tsoro nake ji. Ka ce likita, likita. Likitan ne zai zauna da jikana in tabo ya fito masa a goshi? Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba."

"Ba zan ba da 'ya uwarta tana kuka ba," in ji Baba. "Amma ki sani, ba zan ba da ita ga wanda ba ta so ba."

A nan magana ta tsaya, ta kuwa daɗe a tsaye.

Ban san yadda zan kwatanta wannan shekarar ba, sai dai in ce na gaji. Damina ta sauka, ta ɗauke. Aka yi girbi. Ina ɗinki, ina ɗebo ruwa, ina dafa tuwo. Ni da Inna muna gaisawa, muna aiki tare, amma hira ta mutu a gidan. Habila ya dawo kwaya, sai dai da an ce amin ya hau kekensa. Gwaggo ta kawo maganar wani akawun reluwe, mai farin wando da agogo, wai har turanci yake mafarki da shi. Na ce a gaishe shi. Ina addu'a, amma wani lokaci in durƙusa in rasa abin faɗi, sai in ce, "Ya Ubangiji, ka dai gani," in tashi.

Wata rana a kasuwa na hangi Iya, hannunta ɗaure da tsumma. Na gaishe ta, na tambaya.

"Tukunya ce, 'yar nan. Hannun ba ya jin zafi, sai na ji ƙauri na san na ƙone." Ta faɗa tana dariya, kamar labarin wani take bayarwa.

Na karɓi kayanta na raka ta gida. Na ga turmi da dawa a jiƙe tana jiran ɗanta ya dawo ya daka mata. Na ɗauki taɓarya. Daga ranar, kullum da azahar in na kai ɗinki sai in biya, in yi daka, in hura wuta, in sauke tukunya. Na gaya wa Baba. Ya ce, "Je ki. Amma in uwarki ta tambaya, kada ki yi mata ƙarya." Inna ba ta tambaya ba.

Ranar da Habila ya tarar da ni, tsayawa ya yi da keke a hannu.

"Me kike yi a nan?"

"Daka. Idonka ya samu matsala ne?"

"Jumai, wannan ba zai canza kome ba."

"Wa ya ce don kai na zo? Matsa, kana tare mini iska."

Iya ta yi dariya har da tari. "Ka ji ko, mai gyara? Matsa mata!"

Ya matsa. Bayan wannan ya kan dawo gida da wuri, wai ya manta famfo. Mu gaisa, ya ɗauki famfon ya tafi. Maganar aure bai sake tayarwa ba, ni ma ban tayar ba.

Abu ɗaya ne Iya ta kafe a kai. Ta sa Habila ya sayo sabon ƙoƙo ya rataye can sama a jikin rumfa, ta ce nawa ne. Ba ta taɓa yarda na ci a kwanonta ba. In na yi musu sai ta ce, "Ke 'yar mutane ce, aro aka ba ni."

Maganar ta fasu a taron zumuntar mata, cikin azumin da ake yi kafin Ista. Wata ta ce wa Inna a gaban kowa, "Priscilla, ashe an ɗaura ba a gayyace mu ba? 'Yarki kullum tana gidan kuturwa tana tuƙa tuwo!"

Ina tsaka da daka a gidan Iya na ji sallamar Inna. Ko mayafi ba ta gyara ba, gumi yana tsiyaya a fuskarta.

"Ajiye taɓaryar nan. Wuce mu tafi!"

"Inna—"

"Na ce wuce! Ni za ki mayar abin dariya a gari?"

Iya ta taso daga bakin murhu. "Maraba, maraba da uwar Jumai. Jumai, ajiye, ki bi uwarki. Amma ba ta ruwa tukuna, kin ga ta sha rana." Ta nuna sama da guntun hannunta. "Ga ƙoƙo can. Nata ne, uwar Jumai. Tun da aka sayo shi hannuna bai taɓa shi ba. Abincina ma ba ta taɓa ci a kwanona ba, ban bari ba. Ki kwantar da hankalinki."

Inna ta tsaya. Ta dubi ƙoƙon, ta dubi Iya. Da faɗa ta zo, ta rasa wanda za ta yi da shi.

"Ranar nan…" ta fara. "Kin ji?"

"Na ji."

"Ba ki ce kome ba."

"Me zan ce? Kin ba ni na sha, wannan ba a fasa shi ba, yana cikina." Iya ta zauna a kan wani tsohon turmi da ke kife. "Zauna mana, ko a tsaye za mu yi? Uwar Jumai, ranar da aka kai ni sansani, yaron nan bai iya magana sosai ba. In an kawo shi ganina ya kan miƙo hannu ta cikin waya yana kuka, in ɓoye nawa a baya. Har ya yi gemu ban taɓa shi ba. Ni da na haife shi na ji tsoron kaina, balle ke? Da ni ce ke da 'ya ɗaya, wataƙila har tabarmar zan ƙone. Na gaya wa Habila, bai ji ba, zuciya ce irin ta ubansa. Ni dai ban riƙe ki ba ko na kwana ɗaya. Kullum ina sa ki a addu'a, don kin haifi yarinyar kirki."

Na miƙa wa Inna ruwan. Ta riƙe ƙoƙon, ba ta sha ba, ba ta ajiye ba. Can ta kurɓa kaɗan ta miƙo mini, ta ce, "Ƙarasa mata dakan. Ki same ni a gida." Ta fita.

A gida ba ta ce mini kome ba. Makonni suka wuce haka. Sai dai ta rage cin abinci, kuma sau da yawa na kan tarar da ita zaune da tsintsiya a hannu, shara ba ta ƙare ba. Na ce a raina, to, ko wannan ma ba zai yi ba. Na fara tunanin in roƙi Baba ya bar ni in tafi Kaduna koyon ɗinkin zamani, in huta da ganin kowa.

Ran Lahadin Ista coci ya cika har waje. Aka zo Jibin Ubangiji. A wurinmu jere-jere ake tashi, a durƙusa a gaban bagadi, a karɓi gurasa, sa'an nan kowa ya sha daga ƙoƙo ɗaya. Iya tana zama a bencin ƙarshe, kusa da ƙofa. Ba wanda ya taɓa sa mata doka, amma ta kan jira sai kowa ya gama, ta je ita kaɗai a ƙarshe, don kada wani ya sha a bayanta.

Da layin su Inna ya tashi, Inna ba ta tashi ba. Daga wurin kwaya ina ganin mata suna taɓa juna. A wurinmu in mutum ya ƙi zuwa Jibi, an san yana da damuwa da wani. Baba ya waiwayo daga ɓangaren maza ya dube ta, ya sunkuyar da kai.

Kowa ya gama. Iya ta taso a hankali, tana jan ƙafa, ta bi tsakiyar coci ta je ta durƙusa. Sai na ga Inna ta miƙe. Ta bi bayanta. Ta wuce ta, ta durƙusa a gefenta, ta ɓangaren da ƙoƙo zai iso bayan Iya ta sha.

Waƙar da muke yi ta fara rawa, rabin kwaya suka yi shiru. Iya ta juyo, ta ga ko wace ce, ta yi yunƙurin tashi su canza wuri. Inna ta riƙe mata zane.

Rabaran ya ba Iya ta sha. Ya tako gaban Inna ya ɗan tsaya, yana dubanta. Ta miƙa hannu biyu ta karɓa. Har daga inda nake ina ganin fuskarta. Tsoron bai bar ta ba, da shi ta sha. Da suka miƙe, ta kama Iya a hannu, a guntun hannun nan, suka dawo tare har bencin ƙarshe, ta zauna a can.

Na dubi ɓangaren maza na kwaya. Habila ya rufe fuska da littafin waƙa, kafaɗunsa suna motsi.

Da aka tashi, a ƙofar coci, gaban jama'a, Inna ta ɗaga murya.

"Kai, mai gyaran keke! Zo nan."

Ya zo ya durƙusa. "Ina kwana, Inna."

"Ban kwana ba. Sai yaushe za ka daina ɓata wa 'yata lokaci? Ko sai ta yi furfura?"

"Inna, ni ai—"

"Ni na yi laifi, na kuma roƙi uwarka, ta ce ba ta riƙe ni ba. Kai ne babba da za ka riƙe?"

"A'a, Inna. A yi mini gafara."

"To tashi, kana ɓata wandon Ista."

Baba yana gefe a tsaye. Ya cire tabarau yana ta gogewa, alhali ba abin da ya same su.

Bayan girbin shekarar aka ɗaura mana aure. Muka zauna a gidan nan na bayan kasuwa, ni da shi da Iya. Allah ya ba mu 'ya mace, muka sa mata Jane. Ranar da aka haife ta Inna ce ta ɗauke ta ta ɗora a cinyar Iya. Yarinya lafiyayya, fatarta sumul, har yau ko ƙurji ba ta cika yi ba.

Ba mu daɗe ba. Bara da bazara sanƙarau ya shigo gari. Habila ya dawo daga rumfa yana cewa wuyansa ya riƙe, kafin mako ya zagayo mun binne shi. Abin da aka yi shekara ana tsoro bai taɓa kowa ba, wanda ba mu yi zato ba shi ya ɗauke shi. Ba na tambayar Allah dalili. Wani lokaci dai na kan lissafa shekarar nan da muka yi muna gaisawa daga nesa, in ce da an ƙara mana ita. Sai in tuna ba a banza ta tafi ba.

Da aka share makoki Inna ta zo ta same ni a ɗaki.

"Jumai, haɗa kayanki. Ba za ki zauna a nan ke da yarinya ba namiji a gida."

"Inna, ba zan iya ba. In na tafi wa zai hura wa Iya wuta? Wa zai sauke mata tukunya? Ɗanta ɗaya, ga shi ya tafi."

Ta dube ni kamar na yi maganar wauta. "Wa ya ce ke kaɗai za ki taho? Tun shekaranjiya na share mata ɗakin da ke kusa da nawa. Babanki ya sa an gyara ƙofar. Tashi ki taya ta naɗe tabarma."

A nan muke yanzu, mu duka. Har yanzu na kan gaji, ɗinki ma wata rana ba na iya shi. Amma ina so 'yan mata da samari masu tasowa su ji wannan daga bakin wadda ta gani. In ana binciken asali, jini ake tambaya, ciwo ake tambaya. Ba wanda ke tambaya wane alheri aka taɓa yi wa gidan nan, kuma sun riƙe shi ko sun yar. Wani bafatake ya shayar da kakana lokacin da kowa ke gudunsa, mu kuma saura kaɗan mu manta, sai da wadda muka wulakanta ta tuna mana da halinta. Almasihu bai guji taɓa kowa ba, mu da muke kiran sunansa ba mu da hujjar gudu. Wanda ya ji tsoro kada a yi masa dariya, a yi haƙuri da shi har ya iso, don uwata da tsoronta ta iso. Ni haƙurina bai ba ni shekaru masu yawa da Habila ba. Ya ba ni shi dai, ya kuma bar mini uwa biyu.